Mai rubuta suna a bayan kaset: tarihin mataimakin mai montaj a Nijar



Kwanan baya wani dattijo ya zo gidan da muke aiki, tun daga ƙauye, riƙe da hannun jikansa. Bayan an gaisa ya ce, "Ɗana, mahaifina makaɗin ƴan kokowa ne. Wajen shekara ashirin ke nan masu tele sunka zo garinmu sunka ɗauke shi yana kiɗi. Allah ya yi mai rasuwa, yaran nan ba su san fuskarshi ba. Ko za a taimaka a nuna musu?" Mu dai ƴan rediyo ne, da murya muke aiki, amma muna da abokai a ɓangaren hoto. Muka ce, "Baba, zauna, in Allah ya yarda za a duba."

Aka buɗe ɗakin ajiya. Kwalaye ne cike da kaset, ƙura ta rufe su. Wasu ba rubutu ko ɗaya a bayansu, wasu kuma abin da aka rubuta bai wuce "rahoto" ba, babu rana, babu gari, babu sunan kowa. Kwana biyu ana nema da na'ura guda da ta rage tana karanta irin waɗannan kaset. Da ƙyar aka samu ɗaya mai ɗauke da sunan garinsu. Aka saka. Sai ga wani taron bita a cikin zaure, mutane zaune da kwalaben ruwa a gabansu. An ɗora sabon ɗauka a kan tsohon. Can ƙarshen kaset ɗin ne kawai ƴan daƙiƙu suka tsira: ƙurar fili, bayan ƴan kallo, da amon ganga. Fuska babu.

Wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, wanda muke ce wa duwayan, ya girgiza kai ya ce, "Da can akwai mutum guda da wannan ne aikinshi. Ba ya bari kaset ya kwana ba suna." Maganar nan ce ta sa muka zauna bin tarihin wannan mutum, wato mataimakin mai montaj, wanda sunansa ke wucewa a guje a ƙarshen shiri lokacin da kowa ya riga ya tashi.

Ga wanda bai san sana'ar ba, montaj shi ne aikin da ake yi bayan an gama ɗauka: a zaɓi wannan hoto, a yanke wancan, a jera su har labari ya tsaya da ƙafarsa. Mai montaj shi ke yanke shawarar abin da zai shiga. Mataimakinsa kuwa shi ke karɓar duk abin da aka ɗauko, ya ƙirga, ya ba kowane suna, ya daidaita sauti da hoto, ya kalla daga farko har ƙarshe yana rubuta abin da ke ciki, aikin da masu sana'ar ke kira derushaj. In an gama shiri kuma shi ke mayar da komai inda za a same shi gobe. A ƙasarmu wannan aiki ya ratsa zamani uku, na zaren fim, na kaset, da na kwamfuta.

Mu fara da zamanin zaren fim. Wanda ya san tarihin silima a Nijar ya san Jean Rouch, Bafaranshen da ya zo ƙasar nan a 1941 a matsayin injiniya, daga baya ya koma ɗaukar fim, har ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004. A lokacinsu da zare mai faɗin milimita 16 ake ɗauka. Hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, kuma naɗi mai tsawon mita 120 bai fi minti 11 ba. Ba a ganin abin da aka ɗauka nan take. Sai an tura zaren ɗakin wanki a Faransa, a wanke shi, a fitar da kwafin aiki, a adana uwar fim ɗin, wato negatif, ba mai taɓa ta sai a ƙarshe.

Sauti kuma daban ake ɗaukarsa, a wata na'ura mai zarenta. Shi ya sa ake buga allon nan mai baki, klap, a gaban kamera kafin a fara. Mataimaki ne zai zauna ya nemo hoton da bakin allon ya rufe, ya nemo ƙarar "ƙwas" a zaren sauti, ya haɗa su wuri ɗaya. In ya kuskure da hoto biyu ko uku, za ka ga leɓe na motsi magana na biyo baya. Duk guntun da mai montaj ya yanke, mataimaki zai rataye shi a ƙusa bisa wani kwando mai shimfiɗar ƙyalle, ya rubuta lambarsa a littafi, domin bayan sati biyu ana iya cewa a dawo da rabin daƙiƙar nan da aka cire. Da farar safar hannu yake taɓa zaren, don ko shatin yatsa yana fitowa a bango in an haska.

A nan ne tarihinmu ke da wani abu mai ɗaure kai. Masu wasan ƴan Nijar ne, mai ɗaukar sautin Rouch, Moussa Hamidou, ɗan Nijar ne, amma teburin montaj yana Paris. Suzanne Baron ce ta haɗa "Les Maîtres fous", wanda aka ɗauka a Akra cikin ƴan ci-ranin Nijar masu bautar hauka. Marie-Josèphe Yoyotte na cikin waɗanda suka haɗa "Moi, un noir" na 1958, wanda aka ɗauka a unguwar Treichville ta Abijan. Shi wannan fim ba a ɗauki maganarsa tare da hoto ba. Bayan an jera hotunan ne aka zaunar da Oumarou Ganda yana kallo yana magana a kai. Ke nan muryar da ta fito da Ganda duniya ta san shi, a aikin bayan ɗauka aka saka ta.

Da ƴan ƙasa suka fara nasu fina-finan, hanyar ba ta canza ba sosai. Moustapha Alassane ya yi "Aouré" a 1962, ya yi "Le Retour d'un aventurier" a 1966, labarin samarin da suka saka kayan kaboyi suka hana gari sakat. Oumarou Ganda ya yi "Cabascabo", labarin tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Indocin, sannan "Le Wazzou polygame" wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, karon farko da aka bayar da ita. A waɗannan shekaru ma'aikatar hulɗa da ƙasashen da Faransa ta raina tana da ofishin silima a Paris, wanda aka kafa a 1963, kuma ɗakunan montaj na ofishin ne fina-finan Afirka da yawa suka bi. Ɗaya daga cikin matan da suka yi suna a wurin ita ce Andrée Davanture. Ita ma daga mataimakiya ta faro kafin ta zama babba, ta haɗa fina-finan Souleymane Cissé na Mali, ta kuma kafa ƙungiyar Atria a 1980 don ci gaba da wannan aiki.

Ku auna lamarin. Ana magana da Zabarmanci ko Hausa a cikin fim, wadda ke riƙe da almakashi ba ta jin ko kalma ɗaya. Dole mai fim ɗin ya zauna kusa da ita yana fassara, yana nuna inda zance ya ƙare, kar a yanke karin magana a tsakiya. Kowane mako da ya ƙara a Paris kuɗi ne. Sannan ga abin da ya biyo baya: inda aka yi montaj, can negatif ya zauna, can littafin lambobi ya zauna. Shi ya sa har yau in ana son gyara tsohon fim ɗin Afirka, galibi ɗakunan ajiyar Turai ake fara tambaya. Ba za mu ce sun ƙwace ba, su ne suka riƙe aikin rubutawa da ajiyewa, kayan kuma suka tsaya wajen mai ajiya.

Zamani na biyu ya zo da tele. A 1964 aka fara talabijin na makaranta a Nijar, ana koyar da yara ta akwatin kallo. A 1967 aka kafa ORTN, sannan a ƙarshen shekarun 1970 Télé Sahel ta fara watsa shirye-shirye ga jama'a baki ɗaya. Manyanmu suna tuna yadda ake taruwa a dandali gaban akwati ɗaya, yara a gaba, manya a baya. A nan montaj ya dawo gida, domin bidiyo ba ya buƙatar wanki. Kamfanin Sony ya fito da kaset ɗin U-matic a 1971, ƙaraminsa na fita aiki minti 20 yake ɗauka, sannan Betacam ya biyo a 1982.

Amma montaj ɗin kaset yana da nasa wuyar. Ba a yanka da almakashi. Na'ura biyu ake jerawa, ɗaya na karantawa, ɗaya na kwafa, ana zuba hoto ɗaya bayan ɗaya kamar mai jera tubali. In an kai minti na goma aka tuna an manta wani abu a minti na biyu, ba halin buɗe tsakiya a cusa, sai dai a rufe wani hoton da shi ko a sake daga nan. Saboda haka takardar mataimaki ta zama ita ce idon mai montaj. Kowane hoto a kaset yana da lambarsa ta lokaci: awa, minti, daƙiƙa, da lambar hoto, 25 a kowace daƙiƙa a tsarin tele irin namu, wato hoto 1500 a minti guda. Mataimaki zai rubuta cewa a kaset na uku, minti kaza daƙiƙa kaza, sarki ya fito. A minti kaza mai gari ya yi maganar rijiya. Nan sauti ya lalace saboda iska. Da wannan takarda, rahoton da za a watsa da dare yana iya fita kan lokaci ko da ƴan ɗauka sun dawo da la'asar.

Akwai kuma wani aiki da ya shafe mu kai tsaye, mu masu harsunan ƙasa. Rahoto ɗaya yana iya fita da Faransanci, ya fita da Hausa, ya fita da Zabarmanci. Don haka ake ajiye kwafin da ke da hoto da sautin wurin kawai, ba muryar ɗan jarida a kai, yadda kowane mai gabatarwa zai ɗora tasa. In ba a ware wannan kwafi ba, mai Hausa sai ya yi magana bisa muryar mai Faransanci, sauraro ya zama hayaniyar kasuwa.

To, kaset yana da tsada, daga waje ake sayo shi, kuma ana iya gogewa a sake ɗauka a kansa. Nan ne ɓarnar ta shigo, kuma ba mu kaɗai ta sama ba. BBC da duk arzikinta ta goge shirye-shirye masu yawa na shekarun 1960 da 1970 don ta sake amfani da zaren. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta bayyana a 2009 cewa bisa dukkan alamu an goge asalin zaren da ya ɗauki saukar ɗan Adam a wata a 1969, an ɗora wani abu a kai. In haka ta faru a can, ina ga inda zafi da ƙura da ƙarancin kuɗi suka haɗu? Abin da ke tsakanin kaset da gogewa sau da yawa bai wuce rubutun da ke bayansa ba. Wanda aka rubuta wa gari da rana da sunan mutum, hannu yana nauyin gogewa. Wanda ba komai a bayansa, shi ake fara ɗauka in an yi sauri.

Zamani na uku shi ne wanda muke ciki. Manhajar Avid ta fito a 1989, Adobe Premiere a 1991, Final Cut Pro a 1999. Da su ana iya ɗauke hoto daga ƙarshe a kai farko da danna yatsa, ba abin da ya lalace. A ƙasarmu wannan sauyi ya zo daidai da buɗe fagen yaɗa labarai bayan taron ƙasa na 1991. Gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara, sannan na tele suka biyo a shekarun 2000. Kamera ta yi araha, kwamfuta ta shiga kowane ɗaki, yau ma da wayar hannu yara ke haɗa bidiyo. Wannan alheri ne, ba mai musu. Matasa da yawa sun samu sana'a, wasu sun koya a IFTIC a Yamai, wasu a gefen wani gwani.

Sai dai a cikin wannan sauƙi ne kujerar mataimaki ta ɓace. A wurare da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauka, ya dawo ya yi montaj, ya ɗora murya, ya tura, ya sake fita wani taron kafin azahar. Ba laifinsa ba ne in bai tsaya rubuta suna ba, ba a ba shi lokacin ba. Amma aikin yana nan yana jiran mai yi, ya ma ƙaru. Kamera tana ba hotuna sunaye na lambobi, kuma in an share kati ta kan sake farawa daga lamba ta ɗaya, sai ka tarar da fayil goma masu suna iri ɗaya, wani ya hau kan wani. Katin memuwar guda ne, ana jiransa don ɗaukar gobe, sai a share shi kafin a tabbatar an kwafe. Disk dur kuma ba ya sallama in zai mutu. Ɗaukewar wuta ɗaya ana cikin kwafa, ko faɗuwa ɗaya daga kan tebur, aikin shekara uku ya tafi. Kaset ko ya lalace yakan bar wani yanki, kamar yadda ya bar mana amon gangar nan. Diski in ya tafi, sau da yawa duka yake tafiya.

Ga abin da mataimaki na yau yake yi a inda aka san darajarsa. Kati na isowa zai kwafe shi wuri biyu daban, ya buɗe ya tabbatar komai ya shiga, sannan ya ba da izinin sharewa. Zai buɗe dosiye mai ɗauke da shekara da wata da rana da gari da abin da aka je ɗauka. Zai haɗa sautin makirfo da hoton kamera, aikin klap na da a sabuwar riga. In hotunan sun yi wa kwamfuta nauyi, zai fitar da ƙananan kwafi a yi montaj da su, a ƙarshe ya mayar da na asali. Zai rubuta sunan duk wanda ya yi magana da muƙaminsa yadda ake rubuta shi daidai, kar a sa wa hakimi sunan wani a ƙasan allo. Kafin a watsa zai kalli shirin daga farko har ƙarshe yana sauraren inda sauti ya yi sama ko ya nutse. Bayan an watsa zai ajiye shirin da ɗanyen hotunansa, ya shigar da su rajista. Masu sana'ar suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini daban.

Me ya sa muka damu har muka yi wannan dogon bayani? Saboda abin da ake ɗauka yau shi ne tarihin da jikokinmu za su nema. Tun 1975 da aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, kusan kowace shekara ana tara hoto da sauti na ƴan kokowa da makaɗansu. Ga hawan salla a Damagaram, ga Biyanu a Agadas, ga hirarrakin dattawan da suka ga yunwar shekarun 1970 da idonsu, ga wasannin samariya. Mu al'umma ce da ta daɗe tana riƙe tarihi a baki. Yanzu da masu bakin ke tafiya, abin da aka ɗauka ne ke maye gurbinsu, kuma hoton da ba a san wane ne a ciki ba, ba a san ina ne ba, ba a san yaushe ne ba, bai da bambanci da wanda ya ɓata. UNESCO ta ware 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da irin wannan gado na sauti da hoto, amma rana ɗaya ba ta rubuta suna a bayan kaset.

Don haka muna kira ga shugabannin gidajen tele da na rediyo, har da namu, domin mu ma masu murya ba mu tsira daga wannan ba. In ba halin ɗaukar ma'aikaci na musamman, a ɗora wa mutum ɗaya wannan nauyi, a rage masa wani, a ba shi littafi da diski na biyu. Kuɗin diski bai kai kuɗin man da aka ƙona zuwa ɗaukar abin ba. Ga ƙannenmu masu koyon montaj, kar ku raina wannan kujera don ba a tafa mata. Wanda ya kalli ɗanyen hoto awa ɗari yana rubutawa, idonsa ya riga ya san inda ake yanka tun kafin a ba shi dama. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Ku kuma masu kaset ɗin biki ko na suna a ƙarƙashin gado, ku fito da su tun akwai sauran na'urar da ke karanta su, a juya muku, ku zauna da tsofaffin gida su faɗa muku wane ne wane, ku rubuta.

Shi dai dattijon nan, mun kwafa masa ƴan daƙiƙun da suka rage a wayar jikansa. Ya sa aka maimaita sau uku, kunnensa a jikin wayar. Sannan ya ce wa yaron, "Ka ji ko? Wannan hannunshi ne, ba mai buga ta haka sai shi." Ya yi mana godiya har muka ji kunya. Da suka tafi, duwayan ya ɗauki biro ya rubuta sunan makaɗin da sunan garin a bayan kaset ɗin, ya mayar da shi kwali.

In akwai wanda ke da tsohon hoto ko kaset na ƴan kokowa da makaɗansu na wancan lokaci, ya sanar da mu, wataƙila fuskar da ake nema tana wajen wani. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya bar mu da zumunci. Sai mun sake haɗuwa.